Na'urar zuƙe iska daga ledar abinci: abin da na gani bayan wata 14 ina aiki da ita

Abin da ya kai ni ga sayen na'urar zuƙe iska daga ledar abinci shi ne ranar da na kwashe duk abin da ke cikin firizarmu domin in wanke ta, na tarar da ƙullin nama da kifi da kayan lambu har guda 11 a can ƙasa, waɗanda babu wanda ya tuna ranar da aka sa su, wasu ma sai da suka narke kafin mu gane ko mene ne a ciki. Naman ya yi fari-fari ya bushe a gefe kamar an shanya shi a rana, kifin ya ɗauki warin firiza, kayan lambun kuma sun koma dunƙulen ƙanƙara. Mun dafa abin da zai dafu, sauran kuwa ya tafi kwandon shara. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kuɗinmu muka sa muka saya, wani ya yi noma ko kiwo, wani ya yi dako, ga kuma wutar lantarkin da aka ƙona wata da watanni wajen adana abin da ƙarshensa bola ce.

A da ina ɗaukar cewa manyan otal-otal da gidajen sayar da abinci su ne kan gaba wajen zubar da abinci, har sai da na ga rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024, wanda ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan ɓarna a gidaje aka yi ta, wato kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Babu wanda yake zubar da kilo 79 a rana ɗaya. Rabin albasa ne yau, sauran shinkafa gobe, gutsuren burodi jibi, ga ƙullin naman da ya ɓace a ƙasan firiza, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Da wannan damuwa na je na sayo na'urar, don haka da ma'auninta zan auna ta: shin ta rage abin da muke zubarwa, kuma shin ta sa mun cinye abin da muka tanada?

Irin da na saya ita ce ta gida, wadda ake sa bakin leda a cikinta sauran jikin ledar yana waje. Kamfanoni da yawa suna ƙera ta, kuma kusan duk siffarsu ɗaya: doguwa ce siririya mai tsawon kimanin santimita 40, tana da murfi da ake dannewa ya kulle. Aikinta kashi biyu ne. Da farko wani ɗan famfo yana zuƙe iskar da ke cikin ledar har ta manne wa abincin, daga nan sai wata siririyar waya ta ɗauki zafi ta narkar da bakin ledar ta liƙe shi. Akwai babbar irin da ake sa ledar gaba ɗaya a cikin akwati a rufe, wadda mahauta da gidajen abinci suke aiki da ita, amma nauyinta da tsadarta sun wuce buƙatar yawancin gidaje. Abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi shi ne cewa ta gida ba ta aiki da kowace leda. Sai leda ta musamman mai ƙananan zane-zane a gefe ɗaya, domin ta tsakanin zanen nan iska take bi ta fita, leda mai santsi kuwa mannewa take yi ta toshe hanya tun iskar ba ta ƙare ba. Ana sayar da ledar a yanke ko a naɗe, kuma sayenta abu ne da ba ya ƙarewa muddin ana amfani da na'urar.

Inda ta fi burge ni shi ne wajen nama da kifi da za su daɗe a firiza, kuma yana da kyau a fahimci dalili. Wannan fari-farin da nama yake yi alama ce ta bushewa: duk inda iska take taɓa daskararren nama, ƙanƙarar da ke jikinsa tana tashi a hankali ta koma tururi ba tare da ta narke ba, sai ta bar wurin a bushe, ta je ta taru a jikin leda kamar garin ƙanƙara. Irin wannan nama ba ya cutarwa, amma yana yin tauri, ɗanɗanonsa yana gudu, kuma a yawancin gidaje ƙarshensa zubarwa ne. Ban da haka, kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne, kuma shi ne yake juya kitse ya sa shi wari ko da a cikin sanyi, abin da ya sa kifi mai maiƙo yake saurin lalacewa a firiza fiye da nama maras kitse. Idan aka fitar da iskar, leda ta manne wa naman ta ko'ina, an toshe hanyoyin ɓarnar nan guda biyu a lokaci ɗaya. Na gwada da kaina, domin gani ya kori ji. Na raba naman sa da na saya rana ɗaya gida biyu, rabi na ƙulle a leda irin ta kullum, rabi na liƙe da na'urar, na ajiye su wuri ɗaya. Bayan wata 6 na ledar kullum ya bushe a gefe sai da na yanke wani sashe na zubar, wanda na liƙe kuwa ya narke da laushinsa, aka dafa shi babu wanda ya gane ya daɗe. Launinsa ya ɗan yi duhu a cikin ledar, abin da ya tsorata ni da farko, amma rashin oksijin ne yake kawo hakan, kuma jan launin yana dawowa bayan an buɗe shi ya sha iska na ɗan lokaci.

Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne na wuri. Idan aka shimfiɗa abinci a cikin ledar kafin a liƙe, ƙullin yana fitowa a baje kamar littafi, sai a jera su a tsaye, kowanne ana ganin fuskarsa da abin da aka rubuta a kai. Firizar da a da take cika da dunƙule-dunƙule marasa siffa yanzu tana ɗaukar abin da ya fi na da, kuma ƙulli mai faɗi yana saurin daskarewa, yana kuma saurin narkewa idan aka sa shi a ruwan sanyi.

Busassun kaya ma tana yi musu amfani, ko da yake ba daidai ba. Gyaɗa da sauran 'ya'yan itatuwa masu mai, da kayan ƙamshi, da busasshen cuku mai tauri, duk suna daɗewa ba su juya ba. Wake da shinkafa kuwa nakan fara sa su a firiza na kimanin mako guda domin sanyi ya kashe ƙwari da ƙwansu, in bar su su dawo daidai su bushe sarai, sannan in liƙe, kuma tun da na fara haka ban sake buɗe wake na tarar ƙwari sun huda shi ba. Gari yana ba da wahala, domin famfon yana jan sa zuwa bakin leda ya hana liƙewa, sai dai a bar shi a cikin jakar takarda sannan a sa a ledar. Taliya busasshiya da nama mai ƙashi suna huda leda, kuma hujin yakan yi ƙanƙanta har ba a ganinsa sai bayan kwana biyu an ga ledar ta saki.

Rauninta mafi girma shi ne ruwa. Miya, romo, ko nama mai jini, da zarar famfo ya fara aiki sai ruwan ya bi iska ya hau zuwa bakin leda, kuma leda mai laima ba ta liƙuwa da kyau, wani lokaci ma ruwan yana shiga cikin na'urar. Maganin da na samu shi ne in zuba miyar a mazubi in sa a firiza har ta daskare, sannan in ciro dunƙulen in liƙe shi, amma wannan aiki biyu ne, kuma daga baya na ga cewa miyar da za a sha cikin wata ɗaya ko biyu ba ta buƙatar wannan wahala, mazubi mai murfi ya ishe ta. Burodi da 'ya'yan itatuwa masu laushi kuwa murƙushe su take yi idan ba a tsayar da ita da hannu ba, don haka duk wanda zai saya ya nemi mai maɓallin da ke ba shi damar zuƙe iska kaɗan-kaɗan ya tsaya inda yake so. Tana da ƙara, kuma wayar liƙewa tana ɗaukar zafi, sai an jira kimanin rabin minti tsakanin leda da leda, in ba haka ba ta narkar da bakin tun iska ba ta gama fita ba. A wata na 10 ta fara kasa jan iska, na ɗauka ta mutu, ashe sosan da ke kewaye da bakinta ne ya lanƙwashe saboda ina ajiye ta murfi a kulle. Na canza shi ta dawo daidai, kuma tun daga lokacin ina barin murfin a sake. Kafin a saya, ya kamata a tambaya ko ana samun wannan soso a kasuwa, domin shi ne abin da yake fara lalacewa.

Yanzu zan zo kan maganar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, wadda kwalin na'urar bai ba ta girman da ta cancanta ba. A jikin kwali an rubuta da manyan baƙaƙe cewa abinci zai daɗe har ninki biyar, kuma mai karantawa zai iya ɗauka cewa duk abin da aka liƙe ya tsira. Gaskiyar ita ce fitar da iska ba ya kashe ƙwayar cuta ko ɗaya, kuma ba ya maye gurbin firji ko firiza. Abin da yake yi shi ne rage ƙarfin fumfuna da ƙwayoyin da ke buƙatar oksijin, waɗanda su ne suke sa abinci wari da yauƙi har mu gane ya lalace. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, wadda take bunƙasa a inda babu oksijin, kuma gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi har ta iya hana numfashi. Wasu nau'o'inta, musamman waɗanda ake samu a jikin kifi, suna iya girma a sanyin digiri 3 na ma'aunin Salshiyas, alhali firji na gida yawanci yana tsakanin digiri 4 da 5 ne, wani ma ya fi haka ɗumi. Ke nan abincin da aka liƙe aka bari a firji yana iya zama guba ba tare da ya yi wari ko ya canza kama ba, domin an kawar da masu ba da gargaɗi an bar wa mugun fili. Wannan ne ya sa hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta daɗe tana shawartar masu sana'ar abinci da kada yawancin irin wannan abinci na firji ya wuce kwana 10, sai idan akwai wani abin kariya kamar gishiri mai yawa ko tsami ko dafuwa ta musamman.

Saboda haka na kafa wa kaina ƙa'idoji, kuma ina roƙon duk wanda zai sayi na'urar nan ya riƙe su da gaske. Ɗanyen nama da kifi da dafaffen abinci, idan na liƙe su firiza suke tafiya, wadda take kan digiri 18 ƙasa da sifili, inda ƙwayoyin cuta ba sa ƙaruwa. Dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 a waje kafin ya shiga sanyi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, kuma ba na liƙe shi da ɗuminsa, sai ya huce a firji tukuna. Kifin da aka liƙe, ina yanke ledar in fitar da shi kafin in sa shi ya narke. Ɗanyar tafarnuwa da ɗanyen naman kaza (wato laimar kwaɗi, ba kazar kiwo ba) da cuku mai laushi ba na liƙe su ko kaɗan. Kabeji da danginsa suna fitar da iskar kansu har leda ta kumbura, don haka su da karas da koren wake nakan tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 3, in tsame in sa a ruwan ƙanƙara, in tsane, sannan in liƙe in sa a firiza; wannan tsomawa tana tsayar da sinadaran da ke ci gaba da sauya launi da ɗanɗanon kayan lambu ko a cikin sanyi. Kuma inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa na tsawon sa'o'i, ban ga hikimar tara liƙaƙƙen nama ba, domin abin da yake narkewa yana sake daskarewa a cikin leda marar iska shi ne ainihin abin da ake gudu. Mai irin wannan yanayi ya tsaya kan busassun kaya.

Akwai kuma wani abu da yake ci mini rai har yanzu, wato ledar kanta. Na sayi na'urar ne domin in rage shara, sai ga shi kowane ƙulli yana haifar da sharar roba. Ledar an yi ta ne da roba iri biyu a manne, ɗaya mai liƙuwa da zafi, ɗaya mai hana iska shiga, kuma wannan haɗin yana sa sake sarrafa ta ya yi wuya, ga kuma 'yan santimitocin da ake asara a bakin kowace leda domin na'urar ta samu abin kamawa. A watannin farko ina liƙe kusan komai, har na lura naɗin leda yana ƙarewa da sauri fiye da yadda na lissafa, kuɗin da nake cewa na tsimi a abinci yana zurarewa ta nan. Yanzu ina yanka ledar da ɗan tsawo domin in wanke in sake amfani da ita sau biyu ko uku idan busasshen abu ne ya zauna a ciki, wadda ta taɓa ɗanyen nama ko kifi kuwa ba na maimaita ta. Na kuma sayi ɗan tiyon da ake haɗawa da na'urar ya zuƙe iska daga kwalba mai murfi na musamman, kuma kayan ƙamshi da gyaɗa da wake duk sun koma kwalba. Da zan sake saye, samun wannan tiyo shi ne sharaɗina na farko.

Shin ta rage abin da muke zubarwa? Ta rage, amma sai da na yi wata uku kafin in gane inda ragin yake fitowa. A farko firizar ta ci gaba da cika kamar da, sai dai yanzu da kyawawan ƙulli masu sheƙi, kuma da na bar abin haka da na sake tarar da guda 11 a ƙasa bayan shekara, bambancin kawai sun fi na da kyan gani. Na'urar tana ƙara wa abinci kwanaki, amma ba ta tuna wa kowa ya ci shi. Abin da ya sauya gidan shi ne aikin da ta tilasta mini: tun da dole in yanka leda daidai da abin da zan sa, sai na fara raba nama gwargwadon girki ɗaya maimakon in daskarar da shi dunƙule guda, tun da ledar tana da farin wuri na rubutu, sai na fara rubuta suna da kwanan wata, tun da ƙullin suna tsayawa a jere, sai na fara sa sabo a baya ina ɗaukar tsoho daga gaba. Daga nan na manna takarda a ƙofar firiza mai ɗauke da duk abin da ke ciki, ana soke abin da aka ciro, kuma ba ma fita cefane sai an duba ta. A ƙarshen kowane wata muna ware mako guda wanda ba ma sayen komai sai abin da ba ya ajiyuwa kamar madara da ganye, ana girki da abin da ke cikin firiza da kabad har sai an ga ƙasansu. A irin wannan mako ne rabin ƙullin karas da ragowar kaza da kofin wake suke haɗuwa su zama abincin dare, kuma yaran gidan sun saba har sukan duba takardar su faɗi abin da suke so a fara cirowa. Dole in faɗi gaskiya cewa rabawa da rubutawa da jerawa da makon cinye tanadi duk ana iya yin su da alƙalami da mazubai masu murfi, ba tare da an sayi wata na'ura ba.

Saboda haka hukuncina ya rabu gwargwadon gidan da ake magana a kai. Wanda yake sayen nama ko kifi da yawa lokaci ɗaya domin ya samu sauƙi, ko yake da lambu da ke ba shi amfani fiye da abin da zai ci a lokacinsa, kuma yana da firiza mai tsayayyen sanyi, na'urar za ta biya kuɗinta, domin nama yana cikin mafi tsadar abin da gida yake zubarwa, kuma a nan ne ta fi ƙwarewa. Ya nemi mai maɓallin tsayarwa da hannu, mai tiyon kwalba, mai ɗan tiren da ake cirewa a wanke idan ruwa ya shiga, wadda kuma take karɓar ledar kowane kamfani, ya tabbatar ana samun sosanta. Wanda kuwa yake cefane kaɗan-kaɗan yana cinyewa cikin mako, ko matsalarsa ita ce ragowar abincin jiya da ake mantawa a firji, ba na ba shi shawarar saye. Ragowar dafaffen abinci a firji kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, kuma abin da yake buƙata shi ne mazubin gilashi da ake ganin cikinsa, a ajiye shi a gaba inda ido zai faɗa a kansa. Tawa tana nan ina aiki da ita sau biyu ko uku a wata, ranar da aka yi babban cefane, sauran kwanaki kuma tana cikin kabad murfinta a sake.